Shekarar da Tsutsar Tsamiya ta Rufe Mini Ido

Tsamiyoyin da ke gabas da ƙauyenmu sun ƙare. Ban sani ba sai da na je gaisuwar mutuwa kwanakin baya. Motar da ta ɗauko mu daga Gumel ta sauke mu a bakin titi kafin a kai Sule Tankarkar, na tsaya ina neman baƙar inuwar nan da na saba hangowa tun daga nesa, ban ga komai ba sai gonakin riɗi da na zoɓo har iyakar gani. 'Yar ƙanwata da ta zo taryata ta ce ai an daɗe da sare su, masu gawayi sun kwashe. Ta faɗa a hankali tana kallon fuskata, don tana tsammanin zan yi kuka. Ni ma na yi tsammanin haka. Na tsaya na saurari zuciyata. Kewa kam akwai ta, ba zan ɓoye ba. Amma a ƙarƙashin kewar na ji wani abu daban, irin abin da mace take ji in ta sauke tulu bayan doguwar tafiya daga rijiya.

Yaran yanzu in ka ce musu tsamiya, kunu kawai suke ji. A zamaninmu kuwa tsamiya abu biyu ce: akwai itacen, akwai kuma zaren da ake samu daga tsutsar da ke cin ganyensa. Wajen ƙarshen damina, lokacin da gero ya fitar da kai, sai tsutsotsin su cika itatuwan, baƙaƙe-baƙaƙe masu gashi. Kafin ka gan su za ka ji su. In ka tsaya a gindin tsamiya da hantsi, sararin sama garau babu hadari, sai ka ji kamar yayyafi yana sauka a kan busasshen ganye, nan kuwa kashinsu ne yake zubowa. In suka ƙoshi sai su gangaro a jere, kan wannan a gindin wancan, kamar ayarin fatake, su sami wuri su taru su saƙa gida ɗaya babba su shige ciki. Mutanen daji sukan tsinto gidajen nan su kai kasuwa. Kakata kuwa, wadda ta haifi mahaifina, da muke kira Iya, ba ta jiran a tsinto mata. Ita kiwon su take yi. Takan fita da faifai da ɗan kara, ta tare ayarin a hanya, ta kwashe su cikin masaki, ta zuba musu ɗanyen ganye, ta rufe, ta kai wani tsohon ɗaki da ke bayan rumbu inda haske ba ya shiga. Ta ce wadda ta yi saƙa a sarari zarenta ja-ja yake fitowa kamar ruwan shayi, wadda ta yi a duhu kuwa nata fari ne. Aikinmu mu yara shi ne kawo sabon ganye kullum da safe, har ranar da Iya za ta ɗaga faifai ta leƙa ta ce, "Sun daina ci. A bar su da aikinsu."

Wahalar tana zuwa ne bayan kaka, sa'ad da za a fasa gidajen. Gashin tsutsar nan ba ya mutuwa da mutuwarta. Yana nan a cikin saƙar, siriri kamar ƙura, ya taɓa fata sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Mukan shafa man gyaɗa har gwiwar hannu, mu naɗe yatsu da tsumma, duk da haka sai mu kwana muna susa. A fasa, a kakkaɓe, a dafa cikin ruwan toka har ya yi laushi, da wani wari da ke korar kaji daga tsakar gida. A wanke, a shanya, a tsefe da yatsu, sannan Iya ta zauna da mazarinta da allinta. Har yau in na rufe ido ina jin kukan mazarin nan yana juyawa cikin taskira, da ɗan tarin da take yi tsakanin jan zare da jan zare, tarin da bai taɓa rabuwa da ita ba. In muka yi ƙorafin ƙaiƙayi sai ta ce, "Zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Wanda ke tsoron harbi ya sha ruwa."

Zaren da Iya ta kaɗa, Baba ne yake cinye shi. Shi mai aikin riga ne, ɗinkin hannu, irin adon ƙirjin riga da ake kira aska biyu da aska takwas da tambari. Yakan zauna a zaure a kan tabarma, riga a kan gwiwa, tun hantsi har rana ta karkata. Mutum ne mai sauƙin kai a komai, in ban da zaɓen zare. Alharini, wato jan silikin nan mai sheƙi, daga hannun fataken Damagaram yake saye a kasuwar Maigatari, kuma sai ya wuni yana juya shi kafin ya yarda. Farar tsamiya kuwa ta gida ce, ita yake ajiyewa don ƙirjin babbar riga. Ba ya zaɓen zare a inuwa, ba ya zaɓe bayan la'asar. Sai ya fito tsakiyar rana ya ja sili ɗaya, ya jiƙa a leɓe, ya miƙe shi kusa da kunne ya ɗan fizga yana saurare. Yakan ce zaren da ka zaɓa a inuwa zai ba ka kunya a rana. Ni ce mai riƙe masa dunƙulen zaren, kuma wani lokaci yakan ɗora biyu a tafin hannunsa ya ce, "Wanne ya fi fari?" In na faɗa daidai ba ya yabo, sai dai ya ɗauki wanda na nuna ya zura a allura. Babu abin da ya fi wannan daɗi a gare ni a duniya.

Yanzu ina da jika a nan Gumel da ke surfanin hula. Launin da take so a waya take gani, ta aika a sayo mata, ya zo a naɗe cikin leda, kowane launi da lambarsa, santsi kamar an shafa masa mai. Akwai launukan da ban san Allah ya halitta ba sai a hannunta. Tsofaffi 'yan'uwana suna cewa wannan ba zare ba ne, rigar tsamiya uba ke sawa ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, na yanzu kuwa wanki kaɗan ya koɗe. Gaskiyarsu ne, ba na musu. Amma ni in yarinyar nan ta zauna kusa da ni, hannunta nake kallo. Babu ƙurji, babu tabo, ba ta tari. Sai in ce alhamdu lillahi a zuciyata, don na san abin da farin zaren nan yake ci a jikin mutum kafin ya hau ƙirjin riga.

Shekarar da abin ya same ni ban kai ɗaukar babban tulu ba tukuna. An gama girbi, gonaki sun zama fili, sai kara a tsaye nan da can. Iya ta shimfiɗa tabarma a bayan gida tana fasa gidajen tsutsa, tana kakkaɓe garin gashin a cikin faifai don a kai rami a binne. Ta ce in tsuguna in danne mata bakin tabarma. Ina tsugune sai ga wata 'yar guguwa ta taso daga gonar maƙwabta, irin waɗanda yara ke bi da gudu suna ihu. Ba ta ma yi girma ba. Ta zo ta bi ta kanmu, ta ɗauke duk abin da ke cikin faifan ta watsa mini a fuska. Na ji kamar an haɗa barkono da yashi da allurai an cusa mini a ido. Na ji Iya ta kwarma ihu, "Kada ki murza! Kada ki murza!" Amma ina, hannuna biyu sun riga sun kai.

Kafin azahar idanuna sun kumbura sun rufe ruf. Gida ya cika da mata, kowa da maganinta. An wanke da ruwa, an ɗiga mini nonon wata mai jego, zafin bai ragu ba. Inna, mahaifiyata, tana riƙe da kaina a cinyarta tana kuka ƙasa-ƙasa. Sai aka kira wanzamin ƙauye. Na ji ƙarar zabirarsa da ya ajiye a ƙasa, ƙarafa suna karo da juna. Ya ce zai juya fatar idon ya kankare da aska, sannan ya busa wani gari. Baffana, yayan Baba, ya ce a yi hakan, ai mutumin nan shi ya yi wa kowa aiki a garin nan. Wani ya ambaci asibitin Gumel, Baffa ya ce, "Can da ake cire wa mutane ido a ajiye a kwalba? A'a."

Baba ya bari kowa ya gama faɗin nasa. Sannan ya ce, cikin ladabi, "Yaya, ni da ido nake cin abinci. Ɗinki in ya ɓaci ana farke shi a sake. Wannan fa, in aska ta zarce, da me za a sake?" Ya juya wajen wanzamin ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, an ɗora maka tafiya. Allah ya saka da alheri. Gumel zan kai ta."

Daga nan sai na ji abin da ban taɓa ji ba, muryar Baba ta ɗaga a gaban mahaifiyarsa. Ya ce, "Iya, tsutsar nan ta isa haka a gidan nan. Ta cinye miki ƙirji, yanzu kuma ta koma kan idon yarinya!" Sai na ji takun Iya tana fita, tana jan ƙafa, kamar wadda ta tsufa a cikin yini ɗaya.

Da gari ya waye aka ɗora ni a kan jaki. A lokacin babu titi ta wajenmu, sai hanyar yashi tsakanin gonaki. Baba yana tafe a ƙasa, hannunsa ɗaya a kan ƙafata don kada in faɗo. An rufe mini fuska da mayafin Inna. Duk tafiyar nan da kunne na yi ta. Kukan kurciya, sautin taɓarya daga ƙauyukan da muke wucewa, gugar rijiya tana faɗawa ruwa, shanun Fulani suna ratsa kara, kofaton jaki yana nutsewa cikin yashi. Baba da ba mai surutu ba ne, ranar sai ya zama maroƙi. Duk abin da muka wuce sai ya kwatanta mini shi da zare. "Ga wani tsuntsu can a kan aduwa, bayansa kamar shuɗin da aka tsoma a marina sau ɗaya aka ciro." "Ga wata mata da jan kallabi, alharinin Damagaram ma ya sallama mata." Ina sauraro, hawaye masu zafi suna bin kumatuna ba tare da na yi kuka ba. Can sai na ce, "Baba, in na makance, zan manta da fari?" Ya ce, "Allah ne mai ido, shi ya ba ki aro. Mu roƙe shi ya ƙara mana wa'adi."

Haka na fara shiga Gumel, garin da na daɗe ina roƙon a kai ni, na shiga ban ga ko bango ɗaya ba. Ƙugin babbar mota na ji, da warin mai, da ƙanshin ƙosai, da hayaniyar mutane fiye da yadda na san akwai a duniya. Malamin asibitin mutum ne mai sanyin murya, hannunsa yana ƙanshin sabulu. Tambayar farko da ya yi ita ce me aka zuba a idon. Baba ya ce ruwa da nono kawai. Malamin ya ce, "Ba a taɓa shi da ƙarfe ba?" Baba ya ce ba a taɓa ba. Malamin ya ce, "Kun kyauta mata." Ya ɗiga mini wani magani mai raɗaɗi, can sai idon ya mutu kamar ba nawa ba. Ya buɗe fatar a hankali, ya shiga tsince gashin ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan ƙaramin hantsaki, yana yi yana tambayata sunan jakinmu da abin da nake so a saya mini a kasuwa. Da ya gama ya naɗe mini kai da bandeji. Na ji ya ja Baba gefe, yana tsammanin ba na ji, ya ce ba zai yi alkawari ba, na hagun ya ƙuje sosai, sai abin da Allah ya yi.

Muka sauka a gidan wata gwaggon Baba da ke aure a garin. Kullum da safe a kai ni asibiti wankin ido a dawo da ni cikin duhuna. Baba ya taho da riga da allura don kada zaman ya tafi a banza, amma duk kwanakin nan ban ji ƙarar jan zare ko sau ɗaya ba. Casbi kawai nake ji. Ni kuwa ina kwance a kan tabarma ina bitar launuka a raina don kada su gudu: jan zakaranmu, koren ganyen tsamiya sabon tohowa, baƙin zanen Inna. Wani lokaci sai ɗaya ya ƙi zuwa, in firgita in tashi zaune.

Ranar da za a kwance bandejin, malamin ya sa aka rufe taga. Ya warware a hankali, ya ce in buɗe kaɗan-kaɗan. Haske ya soke ni, hawaye suka cika idon, komai ya zama kamar ana kallo ta cikin ruwan koko. Na ƙifta, na sake ƙiftawa. Sai wani abu fari ya fara fitowa a gabana, ya yi baki, ya yi hanci, ya zama fuskar Baba. Ya matso kusa har numfashinsa yana taɓa ni. Na ga furfura a gemunsa, wadda ban san yana da ita ba. Malamin ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne, na faɗa. Ya rufe mini na dama ya sake ɗagawa, na ɗan jima, na faɗa. Baba ya juya gabas ya kifa goshinsa a kan sumuntin asibitin, ya daɗe bai ɗago ba. Na hagun ya tashi da ɗan hazo a gefe, yana nan har yau. Amma da idanun nan biyu na yi aure, na ga fuskar kowane ɗa da na haifa, na kuma zura wa kaina zare a allura har tsufa ya karɓe.

Yau tafiyar da ta ci mana yini a kan jaki, mota tana yin ta kafin ruwan shayi ya huce. Yaro ya yi ciwon ido da safe, kafin azahar an duba shi an dawo, ba wanda ya zauna shawara da aska a gefe. In na ji tsofaffi suna cewa da ta fi yanzu, nakan ce da ta fi albarkar hatsi da kunya da zumunci, amma ban yarda ta fi sauƙi ba. Iya kanta ba ta sake kiwon tsutsa ba. Ta ci gaba da kaɗi, amma sai dafaffiyar tsamiya da Baba ke sayo mata a kasuwar Gagarawa, ja-ja, ba fara ba. Masu ba shi aiki sun yi ta tambayar ina farin zaren nan na da. Yakan ce ya ƙare.

Da muka kamo hanyar gida ranar da aka sallame mu daga asibiti, an cire mini mayafi, ina ta waige-waige a kan jaki ina neman abubuwan da Baba ya kwatanta mini. Na ga tsuntsayen, shuɗin nasu bai kai yadda ya faɗa ba. Na ce masa haka, ya yi dariya ya ce waɗancan sun yi ƙaura, waɗannan ƙannensu ne. Muka iso ƙauye da la'asar. Daga baya aka gaya mana cewa tun ranar da muka tafi Iya ta kwashe masakan tsutsarta duka ta kai daji ta zubar, ta rataye mazari, ta dawo ƙofar gida ta zauna tana fuskantar hanyar Gumel. Abinci sai an matsa mata. Can muka hango ta, ta rame, ta zama 'yar mitsitsiya. Da ta gan mu ta miƙe tsaye, hannu a baki. Ba ta taho ba, ba ta yi tambaya ba. Tana tsoron amsar. Baba ya gyara murya zai yi sallama, ni kuwa na riga shi, na ɗaga murya tun daga kan jaki na ce, "Iya! Zanenki a baibai kika ɗaura!"

Ta sunkuya ta dubi zanen. A baibai kuwa yake, ɗinkin a waje. Sai ta zauna daɓas a cikin yashi, tana dariya tana kuka tana tari, duka a haɗe. "Ja'irar yarinya," take cewa, "ja'irar yarinya marar kunya." Baba ya durƙusa a gabanta ya cire hula ya ce, "Iya, ki yafe mini maganar da na yi miki." Ta ture shi da hannu ta ce, "Kauce ka ba ni wuri, yarinya tana gani kana zancen magana." Inna ta fito da gudu, ta rungume ni, sannan ta ce, "Iya, shigo daga ciki ki gyara zanen kafin mutane su taru." Iya ta ce, "Wallahi ba zan gyara ba." Ta kama hannuna, ta bi ƙauyen nan da ni gida-gida har magariba, duk inda muka shiga sai ta ɗaga bakin zanen ta nuna ɗinkin ta ce, "Ku duba. Kwana da kwanaki ina zaune a gabanku da shi haka, ba wanda ya lura. Jikata ce ta gani, tun daga kan jaki."